Jan Biro a Jerin Aji Shida

Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa kun sauka lafiya, ke da Malam Bello da yara, Ya sa ƙasar da kuka taka ta karɓe ku da alheri, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari. Zan ba mijinki takardar nan a tasha, in ce kada ya miƙa miki sai kun kwance kaya kin sha ruwa. In a mota kike karanta ta, to ya karya alkawari, ki faɗa masa maganar za ta iso ni.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yau kike barinsa, ba abin da zai canja sai shirun da zai yi yawa. Amsar tambayarki ce na kasa ba ki baki da baki. Amma kafin nan ki bar ni in ɗan yi alfahari, don mako uku ke nan ina yi ban ƙoshi ba.

Tun ranar da sakamakon jarrabawar gama firamare ya fito, wadda jiha ke shirya wa duk 'yan aji shida, ƙafata ba ta zauna ba. Makarantar da na riƙe a matsayin hedimasta shekara goma sha tara ban taɓa kai ta sama da ta uku ba, sai ga ta ta ɗaya a ƙaramar hukumar nan ta Illela, kuma ajin da 'yata ta koyar ne ya kai ta. Yara hamsin da biyu a rajista, hamsin da biyu suka zauna. Huɗu sun faɗi, na sani, amma da su aka yi lissafin kuma duk da haka ba wanda ya kamo ku. Na sa an buga mini kwafin takardar, tana aljihun gaba, har ta fara yagewa ta wurin ninki. Mai shayin bakin tasha ya gan ta sau uku. 'Yan kabu-kabu yanzu in sun hango ni sai su tayar da babur. Na je gaisuwar rasuwa Ƙwanni, can tsallaken iyaka, bayan an shafa fatiha na ciro ta na nuna wa mutanen da Faransanci suka karanta, suka juya ta, suka ce barka, don ladabi.

Malam Dikko kuwa, tsohon abokin hamayyata da ya riƙe makarantar hanyar Amarawa, da na tare shi a ƙofar masallaci cewa ya yi, "Garba, wai kai kar rubuta jarrabawag ga, ko ɗiyakka? Ka hana mutane sakat."

Na ce, "Ni dai na duba sunan makarantarku ban gani ba, sai da na juya bayan takarda."

Har yau bai amsa sallamata da kyau ba, kuma ban yi nadama ba ko kaɗan.

Saboda wannan nasara aka ɗauke ki aka ba ki shugabancin makaranta can gabas, makarantar da kowa ya san ita ke rufe jeri duk shekara. Shekaranjiya bayan la'asar, kina ɗaure kwanuka a tsakar gida, kika ce mini, "Baba, 'yan aji shidan can arba'in ne da 'yan kai, an ce rabinsu ko baƙi ba su haɗawa. Wata huɗu ya rage a miƙa sunaye. In na rubuta su duka ta ƙarshe za mu sake zuwa, a ce abin da na yi Illela sa'a ce. Bana kaɗai zan zaɓi ashirin, sauran su jira baɗi, in samu in tsaya da ƙafata. Mi ka gani?"

Kin ga na ɗauki buta na fita, alhali magariba da saura. Ba alwala ce ta fitar da ni ba.

Kin san yadda abin yake, amma bari in rubuta shi tsirara don ki gan shi da idonki. Ana auna makaranta ne da waɗanda suka zauna jarrabawa. Yaron da ba a miƙa sunansa ba, ba ya jawo makaranta ƙasa, don a takarda babu shi. Mu hedimastocin zamaninmu muna da sunan da muke kiran wannan aiki a tsakaninmu, tankaɗe. A zauna da rajista da jan biro, a fitar da gari, a zubar da tsaki. Ni gwani ne a kai, har wasu kan zo in duba musu nasu.

Ba shi ne kuskurena na farko ba, don haka bari in biyo hanya. Da aka ba ni makarantar nan ina da kwali guda cike da tsofaffin takardun jarrabawa, ina ji da shi kamar gado. Daga makon farko na aji shida ba karatu, sai hadda. Malami ya karanta tambaya, aji ya rera amsa. Mai duba makarantu in ya zo yakan tsaya bakin taga ya ji muryoyi sun tashi tare, ya gyaɗa kai, ya rubuta mana yabo. Sai wata shekara masu shirya jarrabawa suka canja tambayoyin gaba ɗaya, yarana suka zuba amsoshin bara a kan tambayoyin bana, tsaf, da rubutu mai kyau. Akwai wata yarinya, 'yar mai sayar da hatsi, wadda in ka ce mata buhu kaza za a raba wa gida kaza, kafin ka rufe baki ta faɗa maka tiya nawa kowa zai samu. Ta faɗi lissafi warwas. Na kira ta na yi mata faɗa har ta yi kuka. Sai daga baya na gane lissafin ba ta kai gare shi ba ma, tambayar ce ba ta iya karantawa.

Ke kuwa da kika karɓi yaranki tun suna aji huɗu, na ga kina bin shaguna kina roƙon kwalayen sabulu da na taliya da na madara, kina ware masu Faransanci gefe, kina yanka sauran kina raba wa yara su karanta abin da ke jiki. Na yi miki dariya, na ce kin mai da aji kanti. Na janye dariyar, a rubuce. In kin je can, kada ki tambayi ina tsofaffin takardu suke. Ki zaunar da kowane yaro gabanki shi kaɗai, ki ba shi layi biyu, ki ji da kunnenki inda yake tsayawa. Daga nan za ki fara, ko da a aji shida kika same shi yana neman baƙin farko.

Sai rigimata da kasuwar Lahadi. Kin san garin nan, ranar Lahadi ba yaron da ke gida. Wannan yana tsaron rumfar ubansa, wannan tana kai abinci kara wurin masu sayar da dabbobi, wancan yana riƙe da igiyar akuya tun hantsi har rana ta faɗi. Litinin sai su zo a makare, idanu jajur, ko su ƙi zuwa. Ni kuma da taurin kaina na ce sai na ga wanda zai gaji tsakanina da kasuwa. Na mai da duk gwajin mako safiyar Litinin, na tsaya bakin ƙofa da bulala. Abin da na samu shi ne wanda ya makara ya daina zuwa Litinin sam, Talata kuma tsoron dukan Litinin ya hana shi. Kwana biyu nake asara duk mako, shekara da shekaru, ina zagin iyaye a taron malamai. Kasuwa tana nan tana ci, ni na yi ritaya.

Ke da kika zo, darasin farko na Litinin kika bar musu. Kowa ya faɗi abin da ya gani a kasuwa, sannan ya rubuta shi layi uku. Yaran da na sani da gudun makaranta suka riƙa sammako don kada wani ya riga su ba da labarin raƙumin da ya ƙwace. To garin da kika je shi ma yana da ranakunsa. Kafin ki rubuta jadawali ki tambayi tsofaffi yaushe kasuwarsu ke ci, yaushe ake girbi, yaushe shanu ke tashi. Ki gaida mai gari, ki gaida liman, amma ki fi daɗewa wurin matan da ke bakin rijiya, su suka san ɗan wa ke zuwa makaranta da yunwa.

Waɗannan biyun kurakuran jahilci ne, ina iya ba da labarinsu ina dariya. Na tankaɗe kuwa da sanina na yi shi.

Akwai wani yaro Sambo, ɗan Arɗo Buba, daga rugar da ke bayan Kalmalo. A ajinku yake, ƙila kin tuna shi, dogo, mai zama a bencin baya saboda tsawonsa. Fillanci yake yi a gida, Hausa a hanya, Turanci sai a bakin malami. Hannunsa na da nauyi wurin rubutu, kafin ya gama layi ɗaya wasu sun yi uku. Amma kansa ba laifi, in ka bar shi ya gama yakan dace. Ni ba ni da lokacin jiran ya gama. Shekarar nan na ƙudura sai na wuce Dikko, na zauna da rajista, na ja wa sunansa jan biro.

Ranar da aka kira sunayen masu zama jarrabawa ba a kira shi ba. Washegari Arɗo Buba ya zo ofishina, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya riƙe malafa a hannu, na nuna masa kujera ya ƙi, ya tsuguna.

Ya ce, "Malam, mi yas sa ba a kira Sambo ba? Shekara shidda ina hana shi bin shanu ranak karatu. Ni da tsufana nika kiwo."

Na ce, "Arɗo, bai nuna ba tukuna. Ya dawo baɗi ya ƙara ƙwari."

Ya ce, "Baɗi shanu za su tahi da shi, Malam. 'Yan'uwana sun ce wahalab banza nika yi, na ce su jira su gani. To sun gani."

Ya sa takalminsa ya tafi. Sambo bai dawo ba. Shekarar muka zo ta uku, Dikko ya zo na bakwai, aka ba ni takardar yabo na sa mata gilashi. Ita ce wadda kika taso kina gani rataye a zaure.

Kin san Dija, yarinyar ajinki da ta zo cikin na gaba-gaba a jarrabawar nan. Kin san sunan ubanta a rajista, amma ban sani ba ko kin haɗa. Kwana biyu bayan fitowar sakamako, kina makaranta, aka yi sallama a zaure. Na fito na ga dogon mutum da sanda a kafaɗa, furfura ta fara masa, da yarinya a bayansa riƙe da ƙwarya. Sambo ne da Dija, ke suka zo yi wa godiya. Ya gaishe ni da girmamawa, ya zauna daidai ƙarƙashin takardar yabon nan, ya ciro takardar sakamakon 'yarsa daga cikin leda ya miƙo mini.

Ya ce, "Malam, karanta mini in ji da bakinka. Dija ta karanta, amma ina son in ji ga babba. Kai ka san inda karatuna yat tsaya."

Wallahi Uwani ba da gatse ya faɗa ba, fuskarsa fara'a ce zalla, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na karanta masa darasi bayan darasi, yana cewa alhamdu lillahi. Da suka tafi na sauke gilashin nan daga bango. Kin tambaye ni ina ya shiga, na ce ƙusa ce ta saki. Man shanun da suka kawo innarki ta sa miki a cikin kwandon kayan miya, ki duba kada ya narke a kan wani abu.

Yanzu na iso wurin da ya sa na ɗauki buta.

Shekarar da na cire Sambo, ba shi kaɗai na cire ba. Su goma sha ɗaya ne. Kin san labarin da ake bayarwa a gidanmu, cewa shekararki ta farko a aji shida wani akawu a ofishin ilimi ya ɓatar da takardarki, shi ya sa ba ki zauna jarrabawa ba, kika maimaita aji. Babu wani akawu, Uwani. Takardarki ba ta taɓa barin teburina ba.

A lokacin karatunki a hankali yake. Kina sa yatsa ƙarƙashin kowace kalma, leɓɓanki suna motsi, in an katse ki sai kin koma farkon layi. Na dube ki na dubi jerin, na ji tsoron abu biyu: ki jawo makaranta ƙasa, kuma Dikko ya ji cewa 'yar hedimasta ta faɗi. Sunan mahaifiyata na sa miki, Hauwa'u, sunan da ko a baki ba na iya kira, shi ya sa nake ce miki Uwani. Wannan sunan na ja wa jan biro, da hannun nan da nake rubuta miki wasiƙa. Na dawo gida na tarar kin wanke kayan makaranta kin shanya, kin feƙe fensir biyu kin ɗaure su da zare. Na tsaya a kanki na shirya miki ƙaryar akawu, har da nuna ɓacin rai. Ba ki yi kuka a gabana ba. Cewa kika yi, "Baba, ba za ka je ka yi musu faɗa ba?" Na ce zan je.

Innarki ta gane tun a ranar, don ta san fuskata in na yi rashin gaskiya. Mako guda tana ajiye mini tuwo ta juya ta tafi. Ita ta tsaya kai da fata sai kin koma aji shida, ita da ba ta yi boko ba ta riƙa zaunar da ke bayan azahar ki karanta mata da ƙarfi tana tsintar wake, tana cewa ki sake in ta ji kin yi tuntuɓe. Shekara ta zagayo kika zauna kika ci, ni kuma na karɓi barka.

Shekara ashirin da wani abu ke nan, duk lokacin da zancen ya taso kikan ce, "Wannan akawu dai, Allah Ya saka mini." Ina zaune a wurin, kowa ya ce amin, ni ma in ce amin. Shekaranjiya da kika kawo maganar zaɓen ashirin, innarki tana madafa tana ji. Na dawo daga masallaci ta tare ni a soro ta ce, "Malam, ko ka hwaɗa mata da bakinka, ko ni in hwaɗi. Ba ni bari ɗiyata ta gaji wanga abu." Bakin ya gagara, shi ne na koma ga biro.

Ki duba bambancinki da Sambo. Ke kina da uwar da ta kafe, da gidan da zai iya jiran shekara guda. Shi bai da baɗi. Yaran nan ashirin da 'yan kai da kike shirin cewa su jira, ki ɗauka yawancinsu Sambo ne. Wani gona za ta ɗauke shi, wani shanu, wani zai bi mota. Iyayen da suka yi shekara shida suna jure surutun dangi za su ce sun gani, kuma ƙannen yaran ma ba za a turo miki su ba. Kin ce bana kaɗai. Ni ma da bana kaɗai na fara, na yi ta faɗinta har na yi ritaya, don wanda ya zo na uku da tankaɗe ba ya yarda ya zo na goma da gaskiya.

Ba na ce miki za su ci ba. Wata huɗu ba shekara uku ba ce, na sani, kuma mai yiwuwa ku zo ta ƙarshe, a yi surutu a ofis, wani ya ce an yi gaggawar ba ki shugabanci. Ki bar su su ce. Yaron da ya zauna ya faɗi ya ga takarda, ya san kamanninta, ubansa ya san an ƙidaya ɗansa cikin mutane, irin wannan yakan dawo. Ki rubuta su duka, har wanda yake sa yatsa ƙarƙashin kalma. Ban san wace ce a cikinsu za ta kai makarantar wani ta ɗaya nan da shekara ashirin ba, ke ma ba ki sani ba. Ni da nake taƙama da sanin yara, wadda ta yi wannan aikin a gidana take kwana, na zubar da ita cikin tsaki.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga wata tsohuwar takarda ta yi ja, a ninke huɗu. Jerin shekarar ne, na ajiye shi a ƙasan akwatina ban san dalili ba. Sambo na uku daga sama, ke ce ta ƙarshe, don sai da na gama da 'ya'yan mutane sannan na iya kai hannu gare ki. Ranar da za ki zauna rubuta naki jerin, ki shimfiɗa wannan a gefen teburi. Bayan nan in kin so ki ƙone shi.

Idan sakamakonku ya fito, ko ta nawa kuka zo, ki aiko mini da kwafi, muddin adadin da ke rajista shi ne adadin da ya zauna. Aljihun gaba zan sa shi tare da na bana, in tare Dikko a ƙofar masallaci in juya masa bayan takardar da kaina.

Ki yafe mini, Uwani. Ban roƙi Sambo ba tukuna, amma na tambayi hanyar rugarsu, Jumma'a in Allah Ya kai mu zan je. Addu'ar nan da kike yi wa akawu kuma, yanzu kin san mai ita. In kin ga dama ki ci gaba, ina da amin ɗin da zan ce. In kin janye, ki sanar da ni ta bakin innarki, don ban san ko zan iya ɗaukar wayarki a makon nan ba.

Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya tsare mijinki da 'ya'yanki, Ya kare ki daga sharrin mai hassada da sharrin son a yabe ki. Allah Ya buɗe kan yaran da aka damƙa miki, Ya ba ki haƙurin jiran mai nauyin hannu ya gama layinsa. Ya dawo mana da ku lafiya da hutu.

Babanki,
Garba